RUWA BA YA JIRAN MAKOKI

Darasi domin ƙungiyoyin manoma na ikkilisiya a ƙasar Bunkure da Kura

Darasinmu na wannan wata a kan ranaku huɗu ne waɗanda ba gidan da ba za su shiga ba, watau ranar haihuwa, da ranar aure, da ranar ciwo, da ranar mutuwa. Tambayar da muke so mu amsa ita ce, yaya ikkilisiya za ta tsaya da ɗan'uwa a waɗannan ranaku, har ya sami ta'aziyya a zuciya, gonarsa kuma ba ta lalace ba?

Kafin a soma, shugaba ya buɗe da addu'a, ya sa a karanta Ayyukan Manzanni 6:1-7 da Nehemiya 5:1-13. Darasin yana da tsawo. In lokaci ya ƙure, a raba shi zama biyu.

1. ABIN DA RUWAN TIGA YA SAKE

Dattawanmu sun san zamanin da rani yake lokacin hutu. In an yanke dawa, an cire gyaɗa, an kai amfani rumbu, sai a shiga gyaran ɗaki da shinge, da ziyarar dangi, da bukukuwa. Samari su tafi cin rani. In an yi rasuwa, mutane su zauna kwana da kwanaki a gidan makoki, gama ba abin da zai lalace a gona.

A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano. Ruwa ya biyo babbar hanyar da aka gina masa, ya sauko gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashi na farko na aikin an tsara shi a kan kimanin hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda take kula da ruwan. Albarkar da ta biyo baya kowa ya gan ta: alkama, da shinkafa, da tumatir, da albasa, da masara, da motocin da suke lodi a Kwanar Gafan, da injinan casar shinkafa a Kura. Mun gode wa Allah.

Amma ruwan ya zo da tasa doka. Alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, in an makara zafi zai tarar da ita tana fid da kai. Tana son ban ruwa kamar kowane mako ko kwana goma. Irin shinkafa in ya kai mako uku a cire shi a dasa, in ya tsufa a fangali ba ya yin 'ya'ya da kyau. Tumatir in ya nuna, kwana kaɗan ne ya ruɓe. Ranar da ruwa ya zo layinka, in ba ka nan, ya wuce ka.

Akwai kuma maganar kuɗi. Noman rani yana cin kuɗi kafin ya ba da kuɗi: kuɗin ruwa, hayar gona, huɗa, iri, taki, maganin feshi, ƙwadago. Daga Nuwamba zuwa Maris dukiyar manomi tana cikin ƙasa, aljihunsa kuwa wayam. In ciwo ko rasuwa ta faɗo a wannan tsakani, me zai yi? Ya sayar da takin da ya ajiye. Ya karɓi kuɗin amfani tun yana ɗanye, a kan farashin da mai saye ya ga dama. In abin ya yi tsanani ya jinginar da gona. Ta haka mutum yakan yi hasara biyu a wata ɗaya, ya rasa ɗan'uwa, ya rasa abin da zai ci da iyali.

Saboda haka zumuntar da ta ishi kakanninmu, ta zuwa a zauna a yi gaisuwa a tashi, ba ta isa a nan ba. Tilas a ƙara mata tsari.

2. ADDU'A DA AIKI

Mu duba abin da ikkilisiya ta fari ta yi a Urushalima. Aka yi gunaguni cewa ana manta da waɗansu gwauraye mata wajen rabon abinci na kowace rana. Manzanni ba su tsawata wa masu kukan ba, ba su kuma ce a je a yi addu'a kawai ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, Istifanas yana cikinsu, aka danƙa musu aikin rabon. Manzanni kuwa suka ci gaba da addu'a da koyar da Maganar Allah. Ashe tun farko ikkilisiya tana da masu addu'a, tana kuma da masu awo da mudu, duka biyu aikin Allah ne.

A zamanin Nehemiya kuma, yunwa da haraji suka sa talakawa suka jinginar da gonakinsu ga 'yan'uwansu masu hali, har 'ya'yansu suna shiga bauta. Nehemiya ya tara manya, ya faɗa musu gaskiya a gaban jama'a, ya sa suka mayar da gonakin. Wanda ya taɓa ganin gwauruwa tana ƙwadago a gonar da mijinta ya bari, ya san wannan labari bai tsufa ba.

Yakubu, cikin sura ta biyu ta wasiƙarsa, ya yi gargaɗi a kan wanda zai sallami mai jin yunwa da fatan alheri, hannunsa kuwa a rufe. Cikin sura ta biyar shi ne kuma ya ce mai ciwo ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a. Kada mu ɗauki ɗaya mu bar ɗaya. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. A ƙasar ban ruwa ƙafar nan sai ta kai har bakin gona.

3. RANAR HAIHUWA

Taimakon mai jego yana farawa tun tana da ciki. Zumuntar Mata ta san masu ciki a cikinta, ta ƙarfafa su zuwa awo, ta kuma raka wadda take jin nauyi. Tun ciki yana wata bakwai a san amsar tambayoyi uku. A wane asibiti za ta haihu? Wa yake da mota ko babur mai ƙafa uku wanda za a iya tashinsa da tsakar dare? Su wa za su ba da jini in an bukata? Zubar jini, da jijjiga, da kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, da naƙudar da ta wuce yini ko dare guda, waɗannan ba na jira ba ne. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya.

Mata da yawa a cikinmu suna dashen shinkafa da tsinkar tumatir, waɗansu suna da fangalinsu na kansu. Mai jego tana bukatar hutun kwana arba'in. Mata su raba kwanakin a tsakaninsu, wannan ta kawo ruwa, wannan itace, wannan kunu, samari kuma su riƙe mata gona. In ta huta za ta iya ba jariri nono zalla har wata shida, yadda ma'aikatan lafiya suke koyarwa.

Ranar suna Fasto ko mai bishara yakan zo gida, a karanta Maganar Allah, a raɗa suna, a sa wa yaro da iyayensa albarka. Wannan shi ne sunan. Abinci ƙari ne, kowa ya yi daidai ƙarfinsa. Luka ya gaya mana, sa'ad da Yusufu da Maryamu suka kai Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, watau hadayar da Shari'ar Musa ta yarda wa wanda bai iya sayen ɗan rago ba. In iyayen Mai Ceto ba su ji kunyar wannan ba, don me ɗan'uwa zai sayar da takin alkama ya sayi rago?

Bayan suna dattijon unguwa ya tuna wa uban abu biyu: takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da allurar rigakafi, wadda akan yi ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan ta ƙyanda a wata 9.

4. RANAR AURE

Aure a ikkilisiya yana da matakai, kowane mataki kuwa kariya ne. Iyayen biyu su yarda. Fasto ya zauna da saurayi da budurwa ya koyar da su, ba sau ɗaya ba. A yi shela a majami'a Lahadi uku, domin wanda ya san wani dalili ya faɗa tun da wuri. Masu son takardar auren hukuma su sani ana manna sanarwarsu kwana 21 a ofishin rajista kafin a ba da izini. Takardar nan tana da amfani ƙwarai ga mace ranar da aka zo maganar gado.

Gwajin jini kuma wajibi ne. A shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar da ta ce a gwada masu niyyar aure kafin a ɗaura. Cikin abin da ake dubawa akwai cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da sikila. In saurayi da budurwa duka AS ne, kowane ciki da za a ɗauka yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama mai sikila. A yi gwajin tun magana tana sabuwa, kafin a kai kaya. In an bari sai an buga kati, gaskiya tana da wuyar faɗa, tana da wuyar karɓa.

Game da rana, dattawa su duba kalandar gona kafin su sa ta. Bikin da aka sa a makon shukar alkama ko tsakiyar dashen shinkafa yana wahal da kowa. Bayan girbin alkama, wajen Afrilu, ko bayan an kai shinkafar damina gida, akwai sarari, akwai kuma abin hannu.

Babban abokin gāban sabon gida shi ne bashin biki. Lefe, da kayan ɗaki, da anko, da hayar kujeru da rumfa, kowa yana duban abin da maƙwabci ya yi. A bikin Kana, sa'ad da abin sha ya ƙare, Yesu ya rufa wa ango asiri, baƙi ba su ko sani ba. Ikkilisiya ma ta rufa wa 'ya'yanta asiri. Ta ba da kujerunta da tukwanenta kyauta. Mata su dafa, samari su kafa rumfa, ƙungiyar waƙa ta yi kiɗa. Gudunmawar ƙungiyar manoma kuwa ta zama abin da zai haihu: tunkiya, ko buhun taki, ko hayar 'yar gona ta shekara ɗaya, ko gayya ranar dashe. Dattawa su faɗa daga bagade cewa bikin da ba bashi a bayansa shi ne biki mai daraja, su kuma fara nuna haka a kan 'ya'yansu.

5. RANAR CIWO

Ruwan da yake ba mu abinci yana kawo nasa cututtuka. Sauro ba ya ƙarewa a nan ko da rani, saboda haka zazzaɓi ma ba ya ƙarewa. Yaran da suke wanka a hanyoyin ruwa sukan kamu da tsagiya, watau fitsarin jini, wadda ƙwayoyinta suke girma a jikin dodon koɗi. Tana da magani a asibiti, kada a ce alamar balaga ce. Akwai saran maciji a gonar shinkafa. Akwai kuma gubar maganin feshi ga wanda ya fesa ba kariya, ko ya ajiye kwalba inda yara suke.

In ɗan'uwa ya kwanta, aiki uku ne ke gaban ikkilisiya. Na fari, dattawa su je su yi addu'a, yadda Yakubu ya umarta. Na biyu, a kai shi asibiti da wuri, Kura ko Rano, in ya fi ƙarfinsu a wuce Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Mai ciwon ido akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda mishan na SIM suka kafa a 1943. Masu bishara na fari da suka zo ƙasar nan da Littafi a hannu ɗaya suka zo, magani a ɗaya hannun. Wanda ya ce shan magani rashin bangaskiya ne bai koyi wannan daga wurinsu ba, bai kuma koya daga Bulus ba, wanda ya kira Luka ƙaunataccen likita.

Na uku, a tambayi iyalinsa tun ranar farko: yaushe ne ruwanku? Me ke gona? An sa taki na biyu? Mai jinya da yake kwance yana lissafin alkamarsa tana bushewa ba ya samun barci. In aka ce masa, "Kwantar da ranka, an ba ta ruwa jiya," an ba shi rabin magani.

A kuma tuna da mai jinyar mai ciwo. Matar da ta yi mako biyu a kan tabarmar asibiti tana bukatar wadda za ta karɓe ta kwana ɗaya, da wadda za ta duba yaran da ta bari a gida.

6. RANAR MUTUWA

Wannan ita ce rana mafi nauyi, a nan ne kuma aka fi ganin ƙarfin ikkilisiya. Samari su haƙa kabari. Mata su zauna da gwauruwa, su kawo abinci daga gidajensu, kada gidan makoki ya ciyar da masu gaisuwa daga ɗan abin da mamaci ya bari. Fasto ya bi da jana'iza, ya tuna wa jama'a begen tashin matattu. Kada a hana mutane kuka, gama Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. A kuma guji ajiye gawa kwana da kwanaki ana tara kuɗin biki. Jana'iza mai sauƙi ba ta rage wa mamaci daraja.

Amma ranar da ake binne mutum, ruwa yana gudu a layinsa. Saboda haka kafin a tashi daga maƙabarta, shugaban ƙungiya ya riga ya san mutum biyu da za su kwana da gonar mamaci a ransu. Su ba ta ruwa a kan kari, su yi ciyawa, su sa taki, har a girbe. A auna amfanin a gaban shaidu, a danƙa wa gwauruwa da 'ya'yanta.

Gaisuwa takan ƙare cikin mako guda. Wahalar gwauruwa kuwa a wata na uku take farawa, sa'ad da ƙafa ta ɗauke, masu bin bashi suka fara sallama, dangin miji suka fara maganar gona. A lokacin nan ne ake bukatar dattawa. Su zauna da dangi cikin ladabi, a rubuta abin da mamaci ya bari da abin da ake binsa. In gonar ta haya ce, a je wurin mai ita a roƙa a bar wa iyalin har ƙarshen lokacin da aka biya. In ta gado ce, a tsaya a ga rabon marayu bai salwanta ba. In tilas sai an ba da ita haya, a ba da ta shekara ɗaya ɗaya, a rubuce, kada a jinginar. Ɗan ƙungiya kuwa kada ya zama shi ne mai ribar hawayen ɗan'uwansa. A 2 Sarakuna sura 4, sa'ad da mai bin bashi ya zo ɗaukar 'ya'yan gwauruwa, Elisha ya fara da tambayarta abin da take da shi a gida, maƙwabta suka ba da aron tuluna, Allah ya sa albarka. A Littafin Rut kuma, Bo'aza ya bar wa Rut hanyar yin kala a gonarsa da mutuncinta. Abin da gwauruwa ta fi bukata shi ne a taimake ta ta tsaya da ƙafafunta.

Mu da muke da rai kuma, mu sauƙaƙa wa na baya. Kowane magidanci ya rubuta gonakinsa, da iyakokinsu, da wanda yake binsa da wanda yake bi, ya sa shaidu biyu su sa hannu, matarsa ta san inda takardar take. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali.

7. TSARIN DA ZA MU YI

Ranar wuya ba ranar shawara ba ce. Ga abubuwa biyar da kowace ƙungiya za ta iya shiryawa tun yau.

Na ɗaya, masu hidima. A zaɓi mutum biyar ko bakwai, maza da mata, waɗanda aka san su da riƙon amana da riƙon baki. Su ne za a fara gaya wa in abu ya faru.

Na biyu, littafin gonaki. A rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya, da inda gonarsa take, da abin da ya shuka bana, da ranar ruwansa. A haɗa mutane biyu biyu bisa ga kusancin gonakinsu, kowa ya san abokin ruwansa. Wanda gonarsa take ƙarshen hanyar ruwa a ba shi mutum biyu, gama nasa ruwan sai da tsaro.

Na uku, rumbun zumunta. A lokacin girbi kowa ya kawo hatsi. Ga misali: ƙungiya mai mutum 30, in kowa ya kawo kwano 4 na shanshera da kaka, an sami kwano 120, watau kimanin buhu uku. In aka sāke haka a girbin rani, an sami shida. Hatsi ya fi kuɗi daɗin ajiya, gama darajar kuɗi tana zubewa, hatsi kuwa yakan yi tsada daidai lokacin da ake bukatarsa. A busar da shi sarai, a ɗora a kan katako, makulli biyu a hannun mutum biyu.

Na huɗu, ƙa'ida a rubuce. Nawa ne na haihuwa, nawa na jinya, nawa na rasuwa? Wanne ne kyauta, wanne ne rance marar ruwa? A amince a taron kowa da kowa, domin kada a ce an yi son kai. A karanta lissafi a fili kowane wata uku. Gunagunin da aka yi a Urushalima a kan rabo ne, namu ma daga nan yakan taso.

Na biyar, zumunci da sauran ikkilisiyoyi. Akwai masifar da takan sami kowa gaba ɗaya. A 2016 tsutsar tumatir, wadda manoma suke kira sharon, ta cinye gonaki a Kadawa da kewaye cikin 'yan makonni, mai taimako da mai neman taimako duk suka zama ɗaya. A irin wannan rana rumbun ƙauye ɗaya ba ya isa. Sa'ad da aka yi yunwa a Yahudiya, masu bi na Antakiya ne suka aika da gudunmawa ta hannun Barnaba da Shawulu. Shugabanninmu su kai wannan magana taron gunduma tun ana zaune lafiya.

8. YADDA ZA MU YI ADDU'A

Duk tsarin nan, in ba addu'a, ya zama adashi kawai. Addu'a ce take tuna mana cewa rai da ruwa da amfanin gona duka daga hannun Allah suke, ita ce kuma take kai ta'aziyya inda buhun shinkafa ba ya kaiwa.

In kun shiga gidan ciwo ko na makoki, ku fara da zama da saurare. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai tare da shi ba su ce uffan ba, wannan ne abu mafi kyau da suka yi. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa wahala, sai suka ƙara masa ciwo. Kada mu ce wa mai makoki zunubi ne ya jawo, kada kuma mu nuna wata tsohuwa mu ce ita ce ta kama kurwa. Irin wannan magana ta raba gidaje da yawa. Ku tambayi mutum abin da yake so a roƙa masa. Ku kira sunansa cikin addu'ar. Ku gajarta, gama marar lafiya yana gajiya. Abin da kuka ji a ɗaki ya tsaya a ɗaki, kada a mai da asirin mutum labari da sunan roƙon addu'a.

A taron addu'a na tsakiyar mako, magatakarda ya riƙe littafi, a rubuta roƙo da ranarsa, in Allah ya amsa a rubuta, a yi godiya. Sunan gwauruwa da marayu ya zauna a littafin shekara guda cur, a kuma ziyarce su a Kirsimeti da ranar da rasuwar ta zagayo.

Ƙungiya kuma ta sa wa kanta ranakun addu'a bisa ga shekarar gona: farkon damina, da lokacin shukar rani a Nuwamba, da godiyar girbi sau biyu, tun da Allah ya ba mu girbi biyu. A ranakun nan a roƙa wa masu rabon ruwa gaskiya, da shugabanni hikima, da ƙasa zaman lafiya.

9. MAƘWABTANMU

A wannan ƙasa yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, da yawa kuma danginmu ne na jini. Hanyar ruwa ɗaya muke sha, tare muke yashe ta. Suna zuwa mana barka da gaisuwar mutuwa, mu ma mu riga su zuwa. Su sukan binne mamaci a ranar da ya rasu, saboda haka in ka ji, ka ajiye fartanya ka tafi. In maƙwabcin gonarka yana zaman makoki, ruwa kuwa ya zo, ka buɗe masa ya shiga fangalinsa kamar yadda za ka yi wa ɗan ƙungiya. Basamariyen da Yesu ya ba da misalinsa bai tambayi wanda aka yi wa rauni ko shi na wace jama'a ne ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A cikin shekara biyu da suka wuce, gida nawa ne a ikkilisiyarmu suka sayar da taki, ko amfani ɗanye, ko suka jinginar da gona saboda biki, ko ciwo, ko rasuwa? Me da mun yi da ya hana?

2. Gwauraye nawa ne a cikinmu? Wa ya san ranar ruwan kowacce?

3. Waɗanne al'adun biki ne za mu iya ragewa ba tare da an ci mutuncin kowa ba?

4. In wani a cikinmu yana riƙe da jinginar gonar marayu, yaya za mu yi masa magana bisa ga Nehemiya sura 5?

5. Kwano nawa kowa zai iya kawowa a girbi mai zuwa? Su wa za su riƙe makulli?

Kada a tashi sai an rubuta sunayen masu hidima, an kuma haɗa kowa da abokin ruwansa. Magatakarda ya kawo rahoto a taro na gaba.

ADDU'AR RUFEWA

Ya Allah Ubanmu, mai ba da ruwan sama da ruwan kogi, mun gode maka domin ƙasar da ka zaunar da mu. Ka ba masu ciki sauka lafiya. Ka kafa sababbin gidaje a kan gaskiya. Ka taɓa marasa lafiyarmu, ka ba masu yi musu magani hikima. Ka share hawayen gwauraye da marayu, ka sa mu zama hannun da za ka taimake su da shi. Ka tsare mu daga son kai da gunaguni a kan abin da muka tara. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.